Sabon Kiɗan Jita Cikin Tsohuwar Riga

Akwai wani kiɗan jita da tarihinsa ya fi wahalar kaɗa shi ɗaure mini kai. Manuel Ponce, mai tsara kiɗa ɗan ƙasar Meksiko, shi ya tsara shi a shekarar 1929 domin Andrés Segovia, shahararren makaɗin jita na ƙasar Sifen. Amma da Segovia ya fito da shi bainar jama'a, sai aka ce na Sylvius Leopold Weiss ne, wani Bajamushe da ya rasu tun 1750. Jama'a kuwa suka yarda, har tsawon shekaru.

Mai karatu zai so sanin yadda haka ta yiwu. Weiss ya rayu ne a zamanin da Turawa ke kira Barok, wato daga wajen 1600 zuwa 1750, zamanin su Bach. Shi abin kiɗansa wani irin molo ne na Turawa mai tsirkiya da yawa, ba jita mai tsirkiya shida irin ta yau ba. Ponce bai saci kiɗan kowa ba. Nahawun wancan zamani ya koya, har ya iya magana da shi kamar ɗan gida.

Na ce nahawu da gangan, domin ni ɗalibin harshe ne, kuma haka abin ya zame mini tun da na fara gwada tsara irin wannan kiɗa. Babban yatsa yana tafiya da murya mai kauri, sauran yatsu suna tafiya da siririya, kowace da hanyarta, amma dole su riƙa amsa wa juna. Akwai inda aka hana su hawa ko sauka tare. A kiɗan rawar da ake kira sarabande, mai tafiyar hawainiya, bugu uku ake ƙirgawa, nauyin kuma yakan faɗa kan na biyu. Ka ɗora shi kan na farko kullum, kunnen masani zai ji kamar Gwarancin baƙo. Nakan kwana uku a kan layi huɗu.

Wani abokina yana ganin wannan wahalar banza ce, wai kwaikwayon matattu. Ban yarda ba. Wanda ya rubuta sabuwar waƙa da tsohon kari, ai ba a ce ya kwaikwayi kowa.

Inda nake da ja shi ne batun suna. Fritz Kreisler, gwanin gogen Turawa, ya yi irin wannan ɓoyo, sai a 1935 ya fito ya ce wasu kaɗe-kaɗen da ya jingina wa magabata nasa ne. Shi dai ya karɓi abinsa da bakinsa. Ponce kuwa ya rasu a 1948, mutane da dama suna ta yabon Weiss a kan guminsa. Yanzu an gyara, da sunan Ponce ake buga kiɗan. Ni kuwa ɗan guntun sarabanden da na samu na kammala, tun kafin tawada ta bushe na rubuta sunana da shekarar a samansa.