Kwatarkwashi: Dutsen da kyamarar 'yan fim ta tsallake

DUK wanda ya taɓa bin hanyar Funtuwa zuwa Gusau da rana ya san inda hira ke yankewa a cikin mota. Bayan an baro Tsafe, an yi 'yar tafiya cikin gonakin dawa da gero, sai kawai a ga wani ƙaton dutse ya taso gaba, baƙi-baƙi, sumul, da gari kwance a gindin sa. Wanda bai taɓa zuwa ba sai ya tambaya, 'yan gari kuma su amsa ba tare da sun ko waiga ba: Kwatarkwashi kenan.

Abin mamaki, da wuya mai kallon finafinan Hausa ya tuno wani fim da ya ga wannan dutse a ciki. Tun lokacin kaset, idan darakta ya na son wajen ɗaukar waƙa, an san inda za a nufa: ko Tiga, ko Bagauda, ko wani lambu a cikin Kano, in kuma furodusa ya na ji da kuɗi a ɗauki 'yan wasa a tafi duwatsun Jos. Har ta kai mai kallo kan gane bishiya guda a finafinai biyar. Ga shi kuwa tsakanin Tsafe, Gusau da Bunguɗu akwai lokeshin da ba a biyan ko kwabo, kuma kowane da labarin sa.

Kwatarkwashi ta na cikin Ƙaramar Hukumar Bunguɗu ne, duk da cewa ta na kan hanyar Tsafe, kuma tafiyar daga Gusau ba ta kai ta awa guda ba. Masu tarihin baka sun ce maharba ne su ka kafa ta, tun ɗaruruwan shekaru kafin jihadi. A da can dutsen matattarar tsafi ce, Maguzawa na kai masa yanka, mutane na zuwa daga nesa neman biyan buƙata wajen iskokin da aka yi imani su na zaune a kai. Amma abin da ya fi fito da sunan garin shi ne bikin Baura da kamun maiki. Maiki tsuntsu ne babba da ke yin sheƙa a kogunan da ke jikin dutsen, inda ƙafa ba ta kai wa. Yadda dattawa ke ba da labari, ɗaure namiji ake yi da igiya a zura shi daga sama har ya isa bakin kogon, jama'a na ƙasa su na kallo, makaɗa na kiɗa, zuciyar kowa na dukan uku-uku. Idan ya fito da tsuntsun a raye, to ya zama gwarzon shekara. Wa'azi ya yi ƙarfi, zamani ya sauya, bikin ya ja baya. Sai dai duk marubucin fim da ya ji wannan labari bai ga sin a cikin sa ba, gara ya sake sana'a.

Mai son hawa dutsen sai ya yi sammako, domin da zarar rana ta take, dutsen kan ɗauki zafi kamar tanda. Ba a hawa da silifas, ba a hawa ba ruwan sha, kuma ba a hawa ba ɗan gari. Ladabi ma shi ne a fara biyawa ta fada a yi gaisuwa, a faɗi abin da ya kawo mutum. Lokacin da ya fi kyau shi ne ƙarshen damina, wajen Satumba zuwa Oktoba, sa'ilin da ƙasa ta ke kore shar, ruwa ya taru a ƙwarƙwaɗar duwatsu. Daga sama ana hango gonaki, da rugage, da titi ya miƙe kamar zare. Da hunturu kuwa hazo kan rufe komai, amma mai ɗaukar hoto da ya san aikin sa zai fi son hakan, don dutsen kan fito kamar a mafarki.

Tsafe ita ma gari ce ta duwatsu, amma dukiyar ta ga ɗan fim tarihi ce. Sarkin garin ana kiran sa 'Yandoton Tsafe, kuma sunan ya samo asali ne daga tsohon birnin 'Yandoto da ke yankin, wanda ya shahara da malamai da fatake tun kafin a san za a yi Gusau. Daga 'Yandoto ne, in ji tarihin Katsina, Korau ya fito. Ɗan kokawa ne, ya je ya kara da Sanau, sarki na ƙarshe a gidan Durɓawa, aka ce da haɗin bakin matar Sanau aka raba sarkin da layar sa, Korau ya kayar da shi ya yanka shi, ya hau gadon sarauta. Soyayya, cin amana, kokawa, sarauta: me kuma ake nema a fim? Shekaru an yi ana kwaikwayon labaran Indiya, wannan kuwa ya na ajiye a gida. Ƙarshen birnin ma labari ne mai nauyi. Malaman 'Yandoto ba su bi jihadi ba, kuma a wajen 1806 rundunar Muhammadu Bello ta ci garin. Har yau masana na muhawara kan abin da ya samu littattafan malaman.

Faɗuwar 'Yandoto ce ta buɗe wa Gusau hanya. Malam Sambo Ɗan Ashafa, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa ta, shi ya sa sarkin garin ke amsa sunan Sarkin Katsinan Gusau. Baƙo zai iya gama zagayen tsohon gari a yini guda: fada da kewayen Kanwuri, sai tashar jirgin ƙasa, wadda layin Zariya zuwa Ƙaurar Namoda ya ratsa tun 1929. Jirgin nan ne ya cika Gusau da kamfanonin gyaɗa da auduga, da Kwarori, da Yarabawa da Ibo na Sabon Gari. Tsofaffin gine-ginen wajen tasha da Kantin Daji sun isa a shirya fim ɗin zamanin Turawa ba tare da an gina komai ba, in dai an kauce wa allunan talla. Garin ya zama babban birnin jiha a ranar 1 ga Oktoba, 1996, da gwamnatin Abacha ta cire Zamfara daga Sakkwato.

Bunguɗu kuwa ta na yamma, kan hanyar Sakkwato, garin Sarkin Fulani. Abin kallon ta gulbi ne. Gulbin Sakkwato da ya ratsa Gusau shi ya biyo ta nan, da rani ya bar yashi fari da fadamu cike da albasa da tumatir, da yamma shanu su gangaro shan ruwa. Wanda yunwa ta kama ya nemi hoce da ƙuli, ya kora da fura mai nono, ya saurari Zamfarci na gaske, inda "tafi" ke zama "tahi", "fari" ya koma "hwari". Ƙasar su Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru da Sani Sabulu ce. Ba a rasa kiɗan da za a ɗora wa hoto.

To me ya hana 'yan fim zuwa? Dalili na farko sananne ne. A ranar 27 ga Oktoba, 1999 Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau, ta soma aiki a Janairun 2000, daidai lokacin da rawa da waƙa su ka mamaye industiri bayan fitowar 'Sangaya'. Furodusoshi su ka ɗauka cewa Zamfara ba wajen zuwa da kyamara ba ne. Amma ai ba kowane fim ba ne sai an yi rausaya tsakanin saurayi da budurwa. Shekaru goma cur hanyar nan lafiya lau ta ke, ana bin ta dare da rana, ba a yi amfani da damar ba.

Dalili na biyu ya fi ciwo. Tun daga wajen 2011 rikicin ɓarayin shanu ya rikiɗe ya zama na 'yan bindiga, kuma Tsafe da Bunguɗu na cikin wuraren da su ka fi jin jiki. A Satumbar 2021 sai da aka katse layukan waya a jihar, aka rufe kasuwannin mako-mako. A Satumbar 2023 aka sace ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau daga Sabon Gida, a kan wannan hanya ta Kwatarkwashi. Don haka babu mai hankalin da zai ce wa darakta ya kwashi mutum talatin da janareta ya hau dutse ba tare da ya tuntuɓi masarauta da jami'an tsaro ba. Ko baƙo ɗaya ne, da rana ake tafiya, kuma maganar ɗan gari ake bi.

Lokaci kuwa ba ya jira. Sarkin Kwatarkwashi Alhaji Ahmad Umar, wanda ya shekara 61 a kan karaga, ya rasu a Yunin 2022, Allah ya jiƙan sa. Dattawan da su ka ga kamun maiki da idon su na ta raguwa. Wannan aiki bai buƙatar jarumi ko jaruma: kyamara ɗaya, mai ɗaukar sauti ɗaya, da tabarma a zaure, ko a cikin Gusau ne ma, inda da yawa daga mutanen ƙauyuka su ka dawo da zama.

A yanzu dai yawancin hotunan dutsen da ke yawo a wayoyi daga cikin mota aka ɗauke su, ta gilashi, a karkace, domin direba kan rage gudu kaɗan ne kawai, ba ya tsayawa.