Zauren Ƙasa Ba Ya Son Siminti

A ƙauyukan Gaffati, cikin ƙasar Mirya, zaure shi ne mahaɗar maza. Nan ake sauke baƙo, nan ake cin tuwon dare, nan ake sasanta manomi da makiyayi. Amma zaurukan ƙasa suna ta raguwa, bulo da kwano sun shigo.

Akwai wani tsohon magini a can wanda ya gaji zaure wurin mahaifinsa. Ɗansa ya komo daga ci-rani da ƴan kuɗi, ya ce zai shafe bangon da siminti don a huta da yaɓe. Tsoho ya ƙi. Har maƙwabta suka ce rowa ce, alhali ba kuɗinsa ba ne.

Dalilinsa kuwa mai ƙarfi ne. Bangon tubali yana shan laima, yana kuma fitar da ita. In aka rufe shi da siminti, ruwa ya shiga ta tsaga ba ya samun hanyar fita, sai ƙasa ta jiƙe daga ciki, wata rana simintin ya ɓamɓare da rabin bango. Abin da ginin ke so shi ne yaɓe kafin damina, da makuba ta kwasfar ɗorawa, da gyaran indararo. Azarar giginya da ke riƙe da rufin ta fi ɗan nasa shekaru, gara ba ta ci ta ba. Da bazara cikin zauren sanyi ƙalau, ɗakin kwano kuwa sai ka ce tanda.

In gardama ta yi zafi, tsoho yakan kawo zancen Birni a Damagaram, inda Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya kewaye gari da ganuwa. Ganuwar ta zube, saura guntaye. Fadar sarki da gidaje masu zanko da ake kula da su suna tsaye. A 2006 gwamnatin Nijar ta sa Birni da fadar cikin jerin wuraren da take nema wa rajistar UNESCO. A Ingila ma hukuma takan rubuta tsofaffin mashayun ƙauye, mai su ba shi da ikon rushe su sai da izini.

Zauren Gaffati ba ya cikin littafin kowa. Tsoho ya tsufa, ba ya iya hawa tsani. Bana ɗan ya yarda ya kwaɓa ƙasa, amma buhunan simintin suna nan jingine a ɗaki, bai mayar ba.