Zuwa Kwarin Kalalau da Ƙafa

Kwalta ta ƙare a gaɓar Ke'e, arewacin tsibirin Kawai na Hawai. Daga nan sai ƙafa, kilomita 18 a jikin tsaunukan Na Pali, dutse a hagu, Tekun Fasifik a dama. Na tashi da asuba, da takardar izini a aljihu, domin ba a wuce Hanakapi'ai sai da ita.

Rairayin Hanakapi'ai yana jan mutum ya shiga wanka, amma igiyar ruwan wurin ta ci rayuka da dama. Na sha ruwa, na wuce.

A kwarin Hanakowa ne tafiyar ta fara yi mini magana. Cikin ciyayi na ga katangun dutse hawa-hawa, gansakuka ta rufe su. Gonakin gwaza ne na mutanen da, waɗanda suka janyo ruwan ƙorama daga wannan fage zuwa wancan. Masu yawon buɗe ido suna kiran wurin daji, ni kuwa kufai na gani. Wannan hanya ma tun ƙarshen ƙarni na 19 aka sare ta, don mazauna kwaruruka su riƙa fita da kaya.

Gaba kaɗan hanyar ta tsuke, faɗinta bai wuce taku ɗaya ba, ƙasa ja mai santsi, teku na dukan dutse can ƙasa. Na bi a hankali, tafin hannuna a jikin dutsen, ina ambaton Allah. Awakin jeji suna sama suna gangaro da tsakuwa.

Abin da ya kawo ni Kalalau labarin Ko'olau ne, makiyayin da ya kamu da kuturta. Doka ta ce a kai shi Kalaupapa a tsibirin Molokai, ba tare da iyalinsa ba. Ya ƙi, ya shigo kwarin nan da matarsa Pi'ilani da ɗansu. A 1893 ya harbe jami'in da ya zo kama shi, aka turo sojoji har da igwa, suka koma ba su kama shi ba. Cutar ta ɗauke yaron, daga baya ta ɗauke uban. Pi'ilani, wadda ba ta kamu ba, ita ta binne su da hannunta, sannan ta fito daga kwarin ita kaɗai.