Majami'ar Fatima ta Kano

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in faɗa wa jama'a abin da na gano a Kano.

Na tashi daga Gwiwa, na bi ta Kazaure da Dambatta, na sauka Sabon Gari. Can na iske babbar majami'ar Katolika an raɗa mata suna da Fatima. Raina ya ɓaci, don na zaci sunan Nana Fatima 'yar Manzon Allah suka ɗauka. Amma da yake matambayi ba ya ɓata, sai na yi sallama, wani dattijo ya shiga da ni.

Zaure ne dogo, da bencina jere, duk suna fuskantar bagade, watau teburin da Fada ke yin ibada. A bango akwai sura 14 na labarin gicciye bisa ga imaninsu. Kusa da bagaden ga kujerar Bishop. Ashe ita ke ɗaukaka majami'a bisa sauran, kamar yadda zaman Sarki ke mai da gida fada.

Batun suna kuwa, Fatima wani gari ne a ƙasar Fotugal. Sunan na Larabci ne, ya wanzu tun zamanin da Musulmi suka mallaki Andalus. A nan ne, ran 13 ga Mayu 1917, yara uku masu kiwon tumaki suka ce sun ga Maryamu uwar Annabi Isa. Saboda haka ita ake nufi, an dai jingina ta ga garin ne.

Dā ƙasar nan tana ƙarƙashin Bishop na Kaduna. A 1991, shekarar da aka yanke Jihar Jigawa, aka ware Kano, a 1999 ta zama cikakkiyar dayosis, ta haɗa Kano da Jigawa, har da Gwiwarmu. Bishop na fari Patrick Sheehan ne, mutumin Ailan, John Niyiring ya gaje shi a 2008.

To, jama'a, da na koma gida da zatona na fari na baza shi a kasuwa, wa ya san fitinar da zai haifa? Rashin sani ya fi dare duhu. Ina roƙon malamai 'yan'uwana, mu riƙa tambaya kafin mu yi fushi. Allah ya zaunar da mu lafiya, amin.

Ni ne naka,
Wani malamin makaranta, Gwiwa.