Daga Kumbotso Zuwa Bunkure, Masarauta Biyu Kafin Azahar

Da sanyin safiya na tashi daga Kumbotso, na hau titin Zariya, buhunan taki biyu a bayan mota. Muna haye gadar Tamburawa ƙasa ta sauya kala. Rani ne, amma daga Karfi zuwa Kura shinkafa kore shar, ruwan Tiga yana bin kwalbati yana shiga fadama-fadama.

A Kura na ɗauki Baffa, ƙanen mahaifina, wanda zan kai wa takin gonarsa ta Bunkure. Rediyo na ta zancen Sarkin Ingila, sai ya ce in rage murya.

"Kai yaro, wai su tun ranar suna sun san magaji?"

Na ce haka ne, Baffa. Ɗan fari ke gada. Shekara 70 Sarauniya Elizabeth ta yi a kan mulki, ta rasu a 2022, Charles ya hau ba tare da an zauna zaɓe ba.

Ya yi dariya har hularsa ta karkace. A Kano, in ji shi, duk jinin Ibrahim Dabo, wanda ya hau a 1819, yana iya sa rai, sai Madaki da Makama da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta sun zauna. Ya lissafo su da yatsu masu kaushin fartanya. Ya tuno basasar Tukur da Yusufawa ta 1893, da yadda Turawa suka naɗa Abbas a 1903, Sarki Alu da ya gabace shi kuma ya ƙare a Lakwaja. Ni dai ina ganin tsarin namu ya fi ba cancanta dama, sai dai ƙofar da mai cancanta ke bi, ita mai iko ke bi.

Muna dab da Bunkure ya taɓa ni. "Ka shigo ƙasar Rano." A 2019 an haɗa Kura da Bunkure a masarautar Rano. A 2024 aka rushe ta, Kura ta koma Kano; da aka sake kafa ta, Bunkure ta koma Rano tare da Kibiya. Gidansa na wata masarauta, gonarsa na wata.

Muka sauke taki a bakin kwalbati. Baffa ya naɗe wando, ya ɗauki fartanya ya fasa kunya. Ranar ruwansa ce.