Tsohon direba da iskar taya

A tashar motar Tasawa akwai wani tsohon direba da ya daina tuƙi, amma bai daina zuwa tasha ba. Kullum da safe shina zaune ƙarƙashin bedi, kusa da mai shayi. In mota ta shigo, tun bai ɗaga kai ba sai ya faɗi irinta da ciwon da ke damun injinta.

Ya shiga aikin mota a shekara ta 1972, shina karen mota a wata babbar Berliet mai jigilar gyaɗa zuwa Maraɗi. Shekara shida ya yi shina wanke mota, shina ɗaurin kaya, shina haƙar rairayi in ta kafe, kafin maigidanshi ya bar shi ya taɓa sitiyari. Da ya samu permi sai anka ba shi Peugeot 404 mai buɗaɗɗen baya, wadda ake ce ma kat-san-kat. Da ita ya ci kasuwannin Mayahi, Kanan Bakashe, Urafan da Maijirgi.

Samarin tasha suna son jan shi da gardama. Su Toyota suka sani. Sai su ce: "Baba, zamanin Peugeot ya wuce." Shi kuwa ba ya musu. Ya yarda Land Cruiser ta fi kowa iya rairayin arewacin Mayahi. Ya yarda Hiace ta fi ɗaukar mutane. Abin da ya sa shike yabon 404, wadda ta fito a 1960, da ƙanwarta 504, wadda ta fito a 1968, shi ne bakaniken ƙauye na iya kwance su ya ɗaura da ƴan sifanu kaɗan. Motar yanzu kuwa, in wutarta ta ɓaci, sai an nemo mai kwamfuta daga birni.

Akwai wani dalili kuma. A shekara ta 1975 anka buɗe masana'antar haɗa Peugeot a Kaduna. Kayan na zuwa daga Faransa, ma'aikatan Nijeriya na haɗa su. Tsohon ya je Kaduna sayen kayan gyara a 1982, ya tsaya bakin ƙofar masana'antar lokacin tashi daga aiki. Ya ga mutane sun fito tamkar an tashi kasuwa, da yawansu suna Hausa. Ran nan ya gane mota ba daga sama take faɗowa ba. Kowane ƙusa akwai hannun da ya ɗaure shi. Can ma Faransa haka abin yake: a garin Sosho, gidan Peugeot, ma'aikata sun yi yajin aiki a watan Yuni na 1968, har biyu daga cikinsu sunka rasa rayukansu a karo da ƴan sanda. Daga baya tsofaffin motocin Turai da ake saukewa a Kwatano sunka cika kasuwa, aikin Kaduna ya ja baya, ma'aikata sunka ragu, gwamnatin Nijeriya ta saida kasonta a 2006.

In ya zo nan sai ya ce ma samarin: "Ku bar gardamar sunan mota. Ku tambayi hannun da ya haɗa ta, da wanda ke gyara ta, da wanda ke tuƙa ta. Kuma kada ku manta da ƙaramin ma'aikaci, yaron mota."

Wagga magana tana da tushe. A ranin 1988 ya taso daga kasuwar Kanan Bakashe da buhunan hatsi da fasinja, za shi Gazawa. Kowane direban daji ya san in za a shiga rairayi ana rage iskar taya, don ta baje ta kama ƙasa. In an hau kwalta kuwa dole a mai da iskar. Taya mai ƙarancin iska, ga nauyi, ga zafin kwalta, lanƙwashewa take yi tana zafi har ta fashe.

Da sunka iso Tasawa, yaron motar ya sauko da famfo. Ya ce: "Maigida, a sa iska." Direban ya dubi rana, ya ga ta yi ƙasa, ga kuma wata mota na shirin riga shi kwasar fasinja. Ya ce: "Hau mu tafi, ma sa a Gazawa." Wurin zaman yaron ma ya riga ya saida ma wani fasinja. Sai yaron ya hau kan buhuna.

Ba su kai Gazawa ba. Tayar baya ta fashe, motar ta yi tangal-tangal ta sauka daga hanya. Ba ta kife ba. Fasinja sunka tsira da ƴan raunuka. Yaron da ke saman kaya shi ya faɗo. Kafin a kai shi likita rai ya yi halinshi. Shekararshi 17.

Jandarma sunka zo sunka auna hanya, sunka rubuta fashewar taya. Direban ya tafi da ƙafarshi ya yi ma uban yaron gaisuwa. Uban ya ce kwana ne ya ƙare, ya yafe. Har yau tsohon na cewa: "Ƙaddara gaskiya ce. Amma yaron ya faɗa mini, ni ne ban ji ba. Aikin da bai kai rabin awa ba na ƙi jira."

Ya ƙara shekara ashirin shina tuƙi, bai sake ɗora mutum a kan kaya ba. Bai sake saida wurin yaron mota ba. Kuma ya yanka ma yaranshi albashi a wata, ba kuɗin tuwo kaɗai ba.

Abin da ke damunshi yau shi ne saurin ba yara sitiyari. Yaro ya yi wata uku a tasha, ya iya sa giya, shi ke nan ya zama direba. Ga salula a kunne, ga masu shan tiramol don kada su ji barci. Shina koya musu lissafi guda: in gudu ya ninka, nisan da burki ke bukata kafin mota ta tsaya ninki huɗu yake yi. Mai gudun kilo 100 ba daidai yake da mai 50 ba in saniya ko amalanke ta ɓullo. Shina nuna musu lambobi huɗu da ke jikin taya, masu faɗin sati da shekarar da anka yi ta, don kada a saida musu tsohuwa da sunan sabuwa.

Jama'a, ku ma fasinja kuna da hannu. Ku ne ke cewa direba ya taka, kasuwa za ta watse. Ku ne ke yarda a cusa ku kan buhuna don ragin dala ashirin. Sauri ya haifi nawa.

Jikan tsohon ya zo kwanan baya shina son a saya mishi mota ya fara jigila zuwa Mayahi. Kakan ya kai shi gareji, ya damƙa shi hannun bakanike. Ya ce ya yi shekara biyu ƙarƙashin mota tukuna. Kyautar da ya ba shi ran nan ita ce tsohon famfon nan na hannu.

Allah ya tsare hanya.