"Da Sauƙi" Ba Amsa Ba Ce

A ajinmu na ilimin harsuna an koya mana cewa akwai tambayar da ba labari take nema ba, zumunci take nema. "Ina kwana?" amsarta "lahiya lau", ko da mutum bai rintsa ba. Haka "ya jiki?": Bahaushe ko ciwo ya ci ƙarfinshi, "da sauƙi" zai ce. Al'ada ce mai kyau, akwai haƙuri da tawakkali cikinta. Amma in ɗalibi ya ji rauni, wannan amsar tana iya cin rai.

Bara da sanyi, ɓarayin salula sunka tare wani abokin ɗakinmu bayan isha'i, yana dawowa daga wurin fotokopi. Sunka kwaɗa mashi sanda a ƙeya. Da ya iso site, kowa "sannu, ya jiki?", shi kuma "ba komi, da sauƙi." Ana cikin haka wani ɗalibin fannin likita da ke ɗakin kusa ya shigo. Bai tsaya gaisuwa ba, ya ce: "Abokina, ka suma? Ka yi amai? Wa ya rako ka?" Ashe sau biyu ya yi amai bisa hanya, kuma bai tuna wanda ya rako shi ba. Nan take munka kai shi asibiti, anka riƙe shi kwana biyu. Lokotoro ya ce mana jini na iya taruwa cikin ƙoƙon kai sannu a hankali, mutum na magana lau, ya kwanta barci ya ƙi tashi.

Tun ranar nake tunanin abin da ke ƙarƙashin "da sauƙin" nan tamu. Na ga abu uku.

Na farko kuɗi. Bursu ba ta zuwa kan lokaci, iyaye suna ƙauye, ga ordonansi na jira. Maganin kyauta da gwamnati ta kawo a 2006 na yara ne ƴan ƙasa da shekara 5, mu ba mu ciki. Sai ɗalibi ya auna ciwonshi da aljihunshi, ya ce da sauƙi.

Na biyu tsoro. Wanda ya ji ciwo wurin zanga-zanga ko faɗa yana gudun a rubuta sunanshi. Amma rauni ba ya jiran a gama tsoro, ruɓewa yake.

Na uku kunya, kuma ita ta fi nauyi ga ƴan'uwanmu mata. Wadda anka yi ma fyaɗe ba ta da laifi, kuma lokaci na gudu: maganin rigakafin sida cikin awa 72 ake fara shi, na hana ɗaukar ciki bai wuce kwana 5 ba, kuma duk sanda anka fara da wuri ya fi aiki. Neman magani daban, kai ƙara daban. A fara da magani, a nemi takardar shaida daga lokotoro, a aje tufafin ba a wanke ba. Zancen komisariya ita ce za ta yanke.

To mi ya rage gare mu? Kafin lokotoro ya ga mutum, mu ne ke gabanshi. Mu bar "ya jiki?" ga masu zuwa dubiya, mu yi tambayar da ke neman labari: ina ne ke ciwo, tun yaushe, kana gani sosai, kana jin ƙafafunka? In jini na zuba, a danne da tsumma mai tsabta, kar a ɗaga ana leƙawa. Ba toka, ba man goge haƙori, ba garin kafe. In wuƙa ta maƙale, kar a zare ta. In wuya ko baya ne ya bugu, kar a ɗora shi bisa kabu-kabu. A kira 15 don SAMU, 18 don pompiye, 17 don ƴan sanda. In fata ta tsage, a tambayi allurar tetanos.

Zancen kuɗi kuma, ga lissafi: mutum 50 in kowa ya zuba dala ashirin a wata, jika biyar ke nan, ta isa kuɗin mota da ordonansin farko. A ba amintacce ɗaya ajiya, kowa ya riƙe lambarshi. Mai rakiya kuma ya zama wanda ke jin Faransanci da harshen maras lahiyar, don cikin azaba Bazabarme ko Bafillace harshen uwarshi ke zo mashi baki.

Ko a Yamai kake, ko Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ku zauna da ƴan ɗakinku cikin satin ga ku tsara wannan. Ran da abu ya faru tsakar dare, babu lokacin shawara. Allah ya tsare mu, amin.